Babur ɗina yana mutuwa a hanyar Aliero, in ya huta ya tashi kamar ba shi ba

Talata da dare

Ɗan Kabu-kabu Jega: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin inji ku agaza mani, abin ya kai ni bango. Boxer ne gare ni mai 100, shekara 3 yana hannuna bai taɓa ba ni kunya ba sai wannan watan. Cikin gari lafiya lau, daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti, ko tari ba ya yi. Amma da na hau kwalta na nufi Aliero, in na ɗan yi nisa ina riƙe da totur, sai ya fara shaƙewa, yana fizga kamar mai ya ƙare. In ƙara murzawa ya yi buuu ya mutu. In sauka in buɗe tanki in leƙa, mai na nan. In tsaya kamar minti 2 ko 3, in buga kik sau huɗu sau biyar, ya tashi garau. Jiya sau 3 ya yi mani haka da buhun albasa a baya, har mai kayan ya ce in sauke masa ya nemi wani. Na canza fulogi sau 2, an wanke kafireto (inda mai ke haɗuwa da iska), an sa sabon CDI (akwatin da ke sakar wa fulogi wuta a kan lokaci). Me ya rage kuma?

Mai Kayan Gyara Argungu: Wa alaikumus salam. Koyil ne, ko ban gani ba. In koyil ya tsufa haka yake yi, da sanyinsa ya ba da wuta, da ya ɗauki zafi siririyar wayar cikinsa ta saki, wuta ta ɗauke, in ya huce ta koma ta haɗu. Fara da na fulogi. In bai daina ba a buɗe maganeto a canza na ciki. Duk akwai su a shagona.

Ɗan Gusau: Oga kai komai koyil ne a wajenka 😂 Ran nan da wani ya ce tayarsa na sacewa ina jira in ji ka ce koyil.

Mai Kayan Gyara Argungu: Kai yaro ne. Shekara nawa ina wannan sana'ar.

Ɗan Kamba: Ni mai nake zargi. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, in ya taru a kofin kafireto sai jet, ɗan hujin da mai ke bi zuwa inji, ya zuƙo ruwa maimakon mai. Ɗan uwa a ina kake shan mai?

Ɗan Kabu-kabu Jega: Yawanci gidan mai. To abin da ke ɗaure mani kai, ranar da na cika tanki taf a gidan mai ya fi yi mani wulaƙanci. Ranar da babu kuɗi na sha lita 1 ko 2 a kwalba, wani lokacin har Aliero in je in dawo bai mutu ba.

Ɗan Kamba: Allahu Akbar! Jama'a ku shaida. Kullum mu masu kwalba ake zagi, ana cewa muna haɗawa da kananzir. Ga shi yau na kwalba ne lafiyayye. Ku tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, aka janye shi, aka yi ta kwana a layi. Ta jirgin ruwa ya shigo ƙasar, ba daga teburina ba.

Admin: Don Allah kada wanda ya kama sunan wani gidan mai a nan. Ba mu auna man kowa ba. A ci gaba.

Ɗalibin Injiniya Aliero: Salam. A yi mani uzuri in na tsawaita. Inji abu huɗu yake nema kafin ya yi aiki: mai, iska, wuta a daidai lokacinta, sai matsi a cikin silinda. Haɗin da ya fi ƙonewa tas shi ne iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 in an auna da nauyi. Duk mutuwar inji ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya ɓace. Tunda sai ya yi zafi yake mutuwa, ni bawul nake zargi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi. In an matse bawul ba a bar masa gibi ba, da inji ya ɗau zafi ba zai rufe sosai ba, matsi ya tsere. Gibin waɗannan ƙananan injina yawanci tsakanin 0.05 ne da 0.10 na milimita, gwargwadon samfuri, kuma da sanyin inji ake aunawa.

Ɗan Gusau: Farfesa ya iso. Milimita kuma? Mu a garejinmu da reza ake aunawa.

Ɗalibin Injiniya Aliero: Shi ya sa kullum kuke gareji ai.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Salamu alaikum. Jikana ya karanta mani abin da kunka rubuta. Yaro mai babur, kai nika tambaya, sauran ku dakata. In zai mutu, farat ɗaya shika ɗaukewa awa an kashe makulli, ko sai ya ja rai tukuna?

Ɗan Kabu-kabu Jega: Barka da dare Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yana jan rai. Ƙarfinsa ke fara raguwa, ya fizga, ya fizga, in na sassauta totur ya ɗan farfaɗo, in na murza ya nutse.

Baba Makanike Birnin Kebbi: To ka ji. Wuta ba ta jan rai. In koyil ko CDI ya ɗauke, galibi yankewa shika yi, wani bi har salansa ta yi harbi don man da bai ƙone ba ya taru cikinta. Kuma koyil ɗin da zafi ya kashe ba ya hucewa cikin minti biyu a ranar Jega. Bawul ɗin da ɗan makaranta ya faɗi gaskiya ne ana samu, amma wanda bawul nai ya matse, cikin gari ma mutuwa shika yi in ka tsaya a silo, inji na aiki ba ka murza totur ba, kuma kik nai ya yi laushi. Naka kik ɗin da nauyi?

Ɗan Kabu-kabu Jega: Da nauyinsa Baba. Silo ma zaune yake daram.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Yunwa ce ka kashe baburinka. In kana so ka gaskata, gobe ka kulle famfon mai ka hau shi cikin unguwa har ya mutu, ka ji in ba irin wannan mutuwar ba ce. Sannan ka hau hanyar Aliero da sukudireba da sifanar fulogi a aljihu. In ya mutu kak ka taɓa komi. Kak ka buɗe tanki, ka ji ko? Nan take ka kulle famfon mai, ka kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kofin kafireto, ka tara murfin gora ka ga mi zai fito, mai ko ruwa ko babu. Sannan ka kwance fulogi, ka maida shi cikin hularsa, ka ɗora gindinsa jikin inji nesa da inda mai ya zuba, ka buga kik ka ga wuta. Sannan ka zare tiyo daga kafireto ka buɗe famfo ka ga zubar mai. Abu ukku. Ka zo ka gaya mani.

Mai Kayan Gyara Argungu: Baba da girmanka, amma an ce an wanke kafireto fa.

Baba Makanike Birnin Kebbi: An wanke kwano, shi ka nuna akwai tuwo a tukunya?

Ma'aikaciyar Lafiya Zuru: Salam alaikum. Baba tunda Allah ya kawo ka bari in saka tawa. Roba-roba ce nake zuwa ƙauyuka da ita rigakafi. Tun da na yi hutun haihuwa ta yi wata 3 a ajiye, yanzu ba ta tashi sai da cok, kuma da na mayar da cok sai ta mutu, sai dai in riƙe totur. A kan hanya in ina gudu babu matsala.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Ɗiyata naki mai sauƙi ne. Man da kinka bari cikin kofi ya bushe ya bar danƙo, ya toshe ƙaramin jet. Shi ka ciyar da inji a silo. Babban jet na gudu ne, shi ya sa hanya ba ta ba ki wahala. A kwance ƙaramin a jiƙa shi cikin fetur, a kai wa mai faci ya hura da iska, a ɗaga shi sama a ga haske ta hujin. Ki tsaya a kansu kada su zura mashi allurar ɗinki. Tagulla ne, hujin ƙanƙane, in sunka buɗa shi ba ya komawa. In dole sai an zura wani abu, silin waya guda na cikin wayar lantarki, mai laushi.

Ɗalibin Injiniya Aliero: Anti a duba robar da ta haɗa kafireto da inji ma. In ta tsage iska na shiga ta bayan fage, mai ya yi kaɗan, alamun kusan iri ɗaya ne. Ki tayar da ita ki ɗan girgiza kafireton da hannu, in ƙarar inji ta canza to robar ce. Wata alamar kuma, in kin saki totur sai ƙara ta daɗe a sama kafin ta sauko.

Ma'aikaciyar Lafiya Zuru: Na gode Baba, na gode ƙanena. In zan sake ajiye ta fa?

Baba Makanike Birnin Kebbi: Ki kulle famfo ki bar ta tana aiki har ta shanye na kofi ta mutu da kanta.

Malamin Gona Yauri: Ina ta karatu ina dariya, don na taɓa shan irin wannan. Ni Yamaha DT nake hawa, tsohon mai hayaƙi, saboda hanyoyin fadama da damina ba na ƙaramin babur ba ne. Wata shekara na yi tafiya na bar shi a rumfa kusan wata guda. Na dawo ya tashi bugu ɗaya, amma da na fita sai ya riƙa shaƙewa, yau ya yi kamar mai ya yi masa yawa, gobe kamar babu. Da yake mai hayaƙi ne kowa ya ce salansa ta toshe da baƙin gawayi, kuma ba su yi ƙarya ba, injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur yana tara wannan, balle ni da nake ƙara baƙin mai a tanki bayan famfonsa na kansa yana aiki. Aka cire salansa aka ƙona ta da wuta, aka bubbuga, gawayi ya zubo kamar an share murhu. Ya ɗan ƙara ƙarfi amma cutar na nan. Sai wani yaro ɗan koyo, wanda ko sifana ba a ba shi riƙo sosai, yana wanke babur ɗin ya ce Oga wannan tiyon ƙasa ce a ciki. Akwai wasu siraran tiyo da ke saukowa daga jikin kafireto ba su haɗe da komai ba, ni da na ɗauka ado ne. Ashe zanzaro ya shiga ɗaya ya gina ɗakinsa, ya liƙe bakin da laka, har da 'yar tsutsarsa a ciki. Ta nan kofin ke shaƙar iska. Da tsinken tsintsiya aka gyara abin da na yi mako 2 ina biya.

Ɗan Gusau: Zanzaro ya samu gidan haya kyauta 😂

Baba Makanike Birnin Kebbi: Malam ya yi kusa da maganar. Ni na tahi kwana.

Laraba da rana

Ɗan Gusau: Kafin mai albasa ya dawo, ina da tambaya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa a garejinmu ya kai an rage masa shan mai. Ni ma an sauke mani allurar kafireto an ɗaure sukurunsa, na kuma cire soson iska don ya samu numfashi. Gaskiya mai yana daɗewa. Amma yanzu injin zafi kamar murhun mai tsire, in na saki totur a gangara salansa na ta tas tas tas. Akwai matsala?

Ɗalibin Injiniya Aliero: Akwai babba. Kwance fulogi ka dubi bakinsa. Lafiyayye launin ƙasa-ƙasa yake, kamar shayi da madara. In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In baƙi ne mai maiƙo, inji na shan baƙin mai, ringi ko robar bawul, kuma za ka ga hayaƙi mai shuɗi. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan. Na ci amanar karatuna in naka ba fari ba ne. Injin babur ɗinmu ba shi da ruwan sanyaya, iska ce kawai da shi kansa man da ke shiga. Ka rage mai ka ƙara iska, zafin zai ci bawul ɗin fitar hayaƙi, in abin ya yi tsanani ya huda fistan.

Ɗan Gusau: Na duba. Fari ne kamar alli 😭

Malamin Gona Yauri: Soson ne ya fi tayar mani da hankali. Ɗan uwa a Zamfara kake, da hunturu ka shafa sirdin babur ɗinka da safe ka ga abin da ke hannunka. Wannan ƙurar ce inji ke haɗiya tun da ka cire soso, ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar abin wasa wuƙa tsakanin ringi da silinda. In na soso ne ka wanke da kananzir, ka matse ba murɗawa ba, ya bushe, ka shafa masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa. Man nan shi ke kama ƙura. In na takarda ne ba a wanke shi ba a sa masa mai, kaɗewa ake yi ko a canza. Ni da nake bin turɓaya duk mako nake buɗe nawa.

Ɗan Gusau: Amma oga na ya ce soson yana danne gudu.

Malamin Gona Yauri: In ya toshe yana dannewa, har fulogi ya yi baƙi. Maganinsa wanki, ba jefarwa ba.

Mai Kayan Gyara Argungu: Ku bar shi ya ci gaba. Ringi da fistan ma akwai su.

Laraba bayan la'asar

Ɗan Kabu-kabu Jega: Jama'a na dawo. Baba Allah ya saka da alheri, bari in faɗa dalla-dalla. Da safe na kulle famfo na zaga unguwa, wallahi mutuwar iri ɗaya ce sak. Sai na cika tanki na hau hanya ni kaɗai. Ban yi nisa sosai ba ya fara halinsa ya mutu kusa da wata bishiyar dogon yaro. Hannuna har ya kai kan murfin tanki don sabo, na tuna na janye. Na kulle famfo na kwance sukurun ƙasa. Abin da ya fito bai rufe gindin murfin gora ba, kuma mai ne tsantsa babu ruwa. Na gwada fulogi, wuta shuɗiya tana tas tas. Na zare tiyo na buɗe famfo, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, ya tsaya. Na juya zuwa risab, haka. Na ce to famfon ne ya toshe. Sai na ce bari in leƙa tankin. Ina murɗa makulli sai na ji fsss kamar an buɗe kwalbar lemo, mai kuwa ya tsinke ta tiyo har ya jiƙa mani wando kafin in kulle.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Alhamdu lillahi. Ɗauko hoton murfin, ciki da waje, da bakin tankin.

Ɗan Kabu-kabu Jega: [hoto] [hoto]

Ɗan Kamba: Tsaya tsaya. Mene ne wannan fari-farin a bakin tanki?

Ɗan Gusau: Ledar fiya wata ce wallahi 😂😂😂

Ɗan Kabu-kabu Jega: Ku yi mani a hankali. Robar murfin ce ta gaji, in na cika tanki na faɗa rami sai mai ya riƙa tsatsowa yana bin jikin tanki. Da tsadar man nan ina kallon kuɗina na bushewa a rana. Sai na ninka leda biyu na shimfiɗa na danna murfi a kai. Ya daina yoyo kuwa.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Yaushe ka sa ta?

Ɗan Kabu-kabu Jega: Zai kai wata guda.

Ɗan Kabu-kabu Jega: Innalillahi.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Kai da bakinka. Ka taɓa lura da mai shayi in zai zuba madarar gwangwani? Huji biyu shika yi, guda na madara guda na iska. Toshe guda da yatsa ka ga in za ta zuba. Murfin tanki akwai 'yar ƙofa cikinsa da ba ka gani, ta nan iska ka shiga ta maye gurbin man da ya sauka. Babur ɗinka ba shi da famfon turo mai, nauyin man ne kawai ka kai shi kafireto. Ka liƙe ƙofar da leda, tanki ya riƙe man shi. Kuma duk sadda ya mutu kai da kanka kaka warkar da shi, ka buɗe murfi wai kana duba mai, iska ta shiga, kofi ya cika, ka buga ya tashi, ka ce hutawa ya yi. Tun a rubutunka na fari ka faɗi cutar, shi ya sa na hana ka buɗewa.

Ɗan Kamba: To Baba maganar cika tanki fa? Don ni har na gama murna an wanke mu.

Ɗalibin Injiniya Aliero: Baba bari in amsa wannan ko na fanshe bawul ɗina. Tsayin mai daga tanki zuwa kafireto bai wuce kamu ɗaya ba, a ce santimita 30. Ƙarfin turin da wannan ke bayarwa kusan kashi 2 ne cikin 100 na nauyin iskar da ke kewaye da mu. Wato da iskar cikin tanki ta saki da ɗan wannan, mai ya tsaya. In tanki ya cika taf, iskar da ke sama 'yar kaɗan ce, mai kaɗan zai sauka ta saki. In lita 1 ko 2 ne a ciki, duk sauran tankin iska ce, sai an sha mai da yawa kafin a ji. Ledar kuma ba ta rufe ɗari bisa ɗari ba, tana ɗan sace iska. Wannan 'yar iskar ta isa yawon cikin gari da ake tafiya a hankali ana tsayawa. A kwalta da buhun albasa da totur a buɗe, inji na sha fiye da yadda iska ke shiga.

Ɗan Kamba: Wato ba man gidan mai ba ne.

Ɗalibin Injiniya Aliero: Ba shi ba ne. Kuma bai nuna naka mai kyau ba ne.

Ɗan Kamba: Yaron nan ba ka da kunya.

Mai Kayan Gyara Argungu: Ni dai har gobe ina nan a kan cewa koyil yana yin haka. Na ga guda nawa.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Yana yi Alhaji, ban musa ba. Da ya gwada fulogi bakin hanya ya ishe babu wuta, ko ja-ja mai rauni, da ni zan ce ya zo wajenka. Kuma ko nan sai an duba hular fulogi da wayar makulli da wayar ƙasa kafin a kai ga koyil. Yaro, tsohon CDI ɗinka yana ina?

Ɗan Kabu-kabu Jega: Yana wajen wanda ya canza mani. Ya ce ya ƙone.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Tahi ka amso abinka da fulogan nan biyu. Lafiyarsu lau. Ba faɗa za ka yi ba, ka ce kana so ka aje.

Alhamis

Ɗan Kabu-kabu Jega: Barkanmu da yamma. Na cire leda, na je Aliero na dawo sau 2 da kaya, bai ko yi tari ba. Na karɓo CDI ɗina, sai da aka ɗan yi nema a cikin akwati kafin ya fito. Amma wata sabuwa. Yanzu yana shan mai kamar raƙumi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi in na murza, ƙarar ta yi nauyi tana burbur a tsakiyar totur, na kwance fulogi baƙi ƙirin busasshe.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Wanda ya wanke maka kafireto, ka gaya mashi babur na mutuwa awa mai ya ƙare?

Ɗan Kabu-kabu Jega: Haka na ce masa. Ya ce ya ƙara masa mai.

Baba Makanike Birnin Kebbi: To shi ne. Allura ya ɗaga. Da tanki na riƙe mai ba ka ji ba, yanzu da hanya ta buɗe ya bayyana. Kwance murfin saman kafireto inda wayar totur ta shiga, ka zaro abin da ke ciki a hankali, akwai sifirin, kada ya yi tsalle cikin yashi. Za ka ga allura da ɗan kilif a wuyanta da gabobi. In kilif na gabar ƙasa, allura ta ɗagu, mai ya ƙaru. In yana sama, ta nutse, mai ya ragu. Maida shi tsakiya. In allurarka marar gaba ce, duba ko ya sa mata 'yar wasa ƙarƙashi, ka ɗebe. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka taɓa kilif ɗin nan, in ya faɗi ƙasa kai da shi sai lahira.

Ɗan Kabu-kabu Jega: Sukurun gefe fa Baba? Na ga kamar ya taɓa shi.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Biyu ne. Mai tura totur na ƙarar silo ne. Ɗayan na haɗi ne, kuma ba duka ka aiki iri ɗaya ba. In yana gefen da soson iska yake, na iska ne, ka kwance mai ya ragu. In yana gefen inji, na mai ne, ka kwance mai ya ƙaru. Ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa, kak ka matse, bakinsa tsini ne. Ka rubuta adadin, ka dawo da shi kamar zagaye ɗaya da rabi. Ka zaga inji ya yi zafi, sannan ka riƙa juyawa kwata-kwata kana saurare, inda ƙara ta fi tashi ta zauna sumul nan ne wurinsa. Sai ka sauke silo da ɗayan. Kai ɗan Gusau, kai ma haka za ka yi, bayan ka maida soso.

Ɗan Gusau: An mayar Baba. Ogana yana ta harara ta.

Ma'aikaciyar Lafiya Zuru: Baba ƙaramin jet ɗin ne kuwa. Da aka ɗaga shi sama ko haske babu. Yaron har ya ɗauko allura na ce ajiye. Yau ta tashi babu cok. Allah ya ƙara girma.

Baba Makanike Birnin Kebbi: Amin ɗiyata. A gaida jinjiri.

Ɗan Kabu-kabu Jega: Na mayar da kilif, a gabar ƙarshe na same shi. Hayaƙin ya ɗauke. Saura yoyon da ya jawo duk wannan, don yau ma da na faɗa rami sai da ya tsatso.

Malamin Gona Yauri: Canza robar murfin kawai, in ba a samu ba ka sayi murfi. Kafin ka biya ka sa baki ta ƙasansa ka hura, in iska ba ta wucewa ka ajiye masu. Kuma ka daina cewa a cika har wuya, bar masa kamar yatsa biyu.

Mai Kayan Gyara Argungu: Murfin tanki akwai, kala biyu. In kana tahowa ka zo da CDI ɗin da ka karɓo in gani, akwai mai nema.